Sunan maigidana ne a takardun ɗan yayata, ga maganar gado ta taso

Maman Zahra, Gadarif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe a zauren nan ina karanta na mutane, ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ta sa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Yayata ta rasu a Mai Wurno, nan Sudan, a 2011, wata biyar bayan rasuwar mijinta. Ta bar yaro ɗaya ɗan shekara uku. Ni na je na ɗauko shi na kawo shi Gadarif, lokacin ina goyon 'yata ta fari. A gida aka haife shi, ba shi da takardar haihuwa. Da ya isa shiga makaranta aka ce sai da takarda, maigidana ya kai shi aka yi masa tasnin, likita ya ƙiyasta shekarunsa aka rubuta 1 ga Janairu 2008. Da aka tambayi sunan uba, maigidana ya ba da nasa. Wallahi ba don cuta ya yi ba. Cewa ya yi ba ya son yaron ya tashi yana jin ana kiran sunansa daban da na yaran gidan, maraicinsa ya riƙa dawo masa kullum a aji. Daga nan komai ya bi sahu, takardun makaranta har rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, duk sunan maigidana da na mahaifinsa da na kakansa, ni kuma a gurbin uwa.

To yanzu baffan yaron, wanda ke zaune a Makka shekara da shekaru, ya aiko cewa yana so a raba gonar bakin kogi da suka gada shi da marigayin. Takardar magada da kotu ta fitar bayan rasuwar uban yaron tana nan, kuma sunan yaron na ciki da sunan ubansa na gaskiya. Mutum ɗaya, suna biyu.

Yaron ya san ni innarsa ce, ba mu taɓa ɓoye masa ba. Amma da na yi masa maganar gyara takarda sai ya ce shi ba ya so, a bar musu gonar. Ya ce uban da ya sani shi ne wanda ya kwana da shi a asibiti. Maigidana kuwa tun ranar bai ce uffan ba.

Don Allah waɗanda suka sani, ta ina ake farawa? Kotu ko Sijil Madani, ofishin rajistar 'yan ƙasa? Za a kama maigidana? Ko mu bari ya cika 18 ya yi da kansa?

Abu Hafsa, Kasala:
Wa alaikumus salam. Yaya kwantar da hankalinki, abin nan ba wuya. Ni ma na yi. Mahaifina sunan yankansa Abubakar, a gida Garba ake ce masa, a tsohuwar takardarsa kuma aka rubuta Abakar yadda mutanen nan ke faɗa. Sai ya zama takardar haihuwata Garba, ta makaranta Abubakar, tasa shi kuma Abakar. Na je wajen ardahalji, mai rubuta wa mutane takardu a ƙofar kotu, ya rubuta min arida, wato takardar buƙata, na biya kuɗin kotu aka ba ni rasit, na shigar da dattawa biyu suka yi rantsuwa cewa sunayen nan uku na mutum ɗaya ne. Alƙali ya ba ni ishhadi, wato takardar shaida ta kotu. Da shi na gyara komai. Ki nemi shaidu biyu kawai.

Ustaz Tijjani, Bur Sudan:
Abu Hafsa, da girmamawa, naka daban nata daban, kuma idan ta bi hanyarka za ta ɓata tafiya.

Kai uba ɗaya ne da sunaye uku. Garba da Abakar da Abubakar duk mutum guda suke nunawa, shaidu sun faɗi gaskiya, alƙali ya rubuta. Haka ma wanda yake son sauya sunansa na fari, shi ma ishhadi ne a kotun harkokin iyali da shaidu biyu, wani lokaci a nemi ya buga sanarwa a jarida, sannan ya kai wa Sijil Madani su gyara. Amma ita Maman Zahra maza biyu ne daban, ɗaya ya rasu ɗaya yana raye. Babu shaidan da zai rantse cewa mutum ɗaya ne, in ma ya rantse ya yi shaidar zur. Wannan ba sauya suna ba ne, maganar nasaba ce, kuma hukuncin alƙali take buƙata. Ma'aikacin rajista ba zai cire uba ya sa wani uban da bakin mutum ba.

Dokar harkokin iyali ta Musulmi ta 1991 ta ce nasaba tana tabbata da shimfiɗar aure, ko da iƙirari, ko da shaida. Don haka 'yar uwa, abin da za ki fara nema shi ne ƙasimar auren yayarki, wato takardar da ma'azun, malamin da ke rajistar aure, ya rubuta ranar ɗaurin aure. Sai takardun rasuwarsu in akwai. Sai wannan takardar magadan da kika ambata, ita ce mafi ƙarfi a hannunki, domin kotu ce da kanta ta riga ta rubuta yaron a matsayin ɗan marigayin tun kafin a yi tasnin. Sai mutane biyu da suka san haihuwarsa, in da hali waɗanda suka halarci sunansa.

Maganar kamu kuwa, ba zan yaudare ki ba. Ba da bayanin da ba haka yake ba a rajistar gwamnati laifi ne a doka. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya zo da ƙafarsa ya ce na yi kuskure ina so a gyara, da wanda aka tono shi a tsakiyar rigimar gado. Kada ku je ku kaɗai. Ku zauna da lauya a nan Gadarif ya ga takardun da idonsa kafin a rubuta komai.

Abu Hafsa, Kasala:
Na karɓi gyara Ustaz. Ban lura cewa mutum biyu ba ne.

Ɗan Damazin:
Ni dai ban ga dalilin tayar da ƙura ba. Yaro ya ce ba ya so. Shekara 14 baffan nan yana ina? Ko sabulu ya taɓa aikowa? Sai yau da ƙasa ta yi daraja ya tuna yana da ɗa. Mutumin da ya ci da shi, ya sha da shi, ya kai shi makaranta, shi za a goge kamar bai taɓa wanzuwa ba? Ku bar yaron da sunan da yake so. Takarda ce fa kawai.

Maman Zahra, Gadarif:
Ɗan Damazin, a'a, kada a ɗora wa baffansa abin da bai yi ba. Yana aiko da abin da ya samu duk azumi. Kuma shi ne ya ce ba zai taɓa gonar ba sai an fitar da rabon maraya. Bai ma san sunan da ke kan takardun ba har yau. Mu ne ba mu faɗa masa ba.

Malam Sani, Sinnar:
Ɗana na Damazin, tausayinka yana kan hanya, amma kalmar nan taka ta "takarda ce kawai" ita nake so mu tsaya a kanta.

Babu wanda ya riƙi ɗa da ƙauna kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙi Zaidu. Har mahaifin Zaidu da baffansa suka zo Makka su tafi da shi, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama wurin Manzon Allah. Ka ga irin maganar yaron nan ke nan. Mutane suka yi ta kiran sa Zaidu ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da iyayensu maza, shi ya fi adalci a wurin Allah. Ya koma Zaidu ɗan Harisa. Ƙaunar ba ta ragu ba, bai bar gidan ba, sunan ne kawai ya koma mazauninsa. Kuma hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim, mai tsananin gargaɗi ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Lokacin da aka yi tasnin yaro ne, ba ruwansa. Yanzu ya balaga kuma ya sani.

Sauya sunan mutum na kansa wani abu ne dabam, wannan ƙofa a buɗe take. Manzon Allah ya mai da Asiya, mai ma'anar mai saɓo, ta koma Jamila, ya mai da Barra ta koma Zainab. Sunanka naka ne. Sunan uba kuwa ba naka ba ne balle ka kyautar.

Sai kuma abin da nake ganin maigidanki bai hango ba, 'yata. 'Ya'yanku nawa, kuma akwai namiji?

Maman Zahra, Gadarif:
Mata huɗu Malam. Babu namiji.

Malam Sani, Sinnar:
To kin gani. Allah ya ja da ransa, amma duk ranar da ta Allah ta kasance, takardun nan za su ce ya bar ɗa namiji da mata huɗu. Yaron zai ɗauki rabon mata biyu a dukiyar da ba shi da gado a cikinta, ya rage wa 'ya'yanki, sannan ya toshe 'yan uwan maigidanki gaba ɗaya, waɗanda da su ne za su ɗauki abin da ya saura. Ranar nan ko dai yaron ya ci haram, ko kuma 'yan uwan maigidanki su miƙe a gaban kotu su ce ba ɗansa ba ne, a cikin makoki, a bainar jama'a. Wanne ya fi ciwo, wannan ko a gyara yanzu cikin sutura?

In yana son ya bar masa wani abu, hanya na nan. Ya yi masa kyauta yana raye ya damƙa masa, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, tunda ba magajinsa ba ne. Wannan halal ne tsantsa, babu mai ƙwace masa.

Kuma ki karanta masa ƙarshen ayar nan. Ta ce babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai abin da zukatanku suka yi da ganganci. Mutum ne da ya ji tausayin maraya.

Goggo Delu, Kosti:
Malam ina da tambaya. Ta ce tana goyo lokacin da ta ɗauko shi. In ta ba shi nono ai ya zama ɗansu, ko?

Malam Sani, Sinnar:
Ko da ta ba shi, shekararsa uku, ya wuce lokacin shayarwar da ke haramta aure. Ko da ma a cikin shekara biyun ne, nono yana sa muharramaka ne, ba ya sa gado, ba ya sauya sunan uba. Ita innarsa ce, muharramarsa ce har abada. 'Ya'yanta kuwa 'ya'yan innarsa ne, aure ya halatta tsakaninsu.

Goggo Delu, Kosti:
Allah ya saka Malam. Ni abin da ke ba ni mamaki, mu Hausawa yaushe muka fara jin kunyar riƙo? Ni a hannun goggona na tashi tun yaye, ita ta aurar da ni, ita nake kira Inna har ta koma ga Allah. Duk unguwa an san 'yar wane ce ni, kuma an san 'yar ɗakin wance ce ni. Biyun ba su taɓa karo ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, marayu nawa aka goyo a hanya? Wasu suka goya, wasu suka raina, amma har yau in ka tambayi tsofaffin Mai Wurno za su lissafa maka wane ɗan wane ne. Da baki suka riƙe, babu ko takarda ɗaya. Yanzu takardar ce ta zo da gurbi ɗaya tak na uba, babu gurbin wanda ya raina, shi ya sa maigidanki ya rasa inda zai sa kansa.

Ɗan Damazin:
Goggo wannan magana taki ta shige ni. Amma bari in faɗi abin da ke cina. Samarinmu nawa ne suka je suka sauya Tanko da Ɗanladi da Gambo suka koma Tariƙ da Walid, don kada a gane su a jerin sunaye? Babu malamin da ya ce musu komai. Wannan da ya riƙe sunan Bahaushe ɗan uwansa saboda ƙauna, shi ne za a taru a kansa.

Abu Hafsa, Kasala:
Ai yawancinsu ba sauyawa suka yi ba. Tanko lakabi ne, namijin da ya biyo mata. Gambo mai bin tagwaye. Kowannensu yana da sunan da aka raɗa masa ranar bakwai aka yanka rago a kai. In ya koma sunan yankansa ina laifi?

Ɗan Damazin:
Wanda ya koma sunan yanka ban ce komai ba. Ina maganar wanda ya goge na kakansa ne a cikin sunaye huɗun da ke kan takarda.

Ustaz Tijjani, Bur Sudan:
A nan kam kana da gaskiya, kuma ita ce maganar Malam ɗin dai. Wanda ya taɓa sunan kaka don ya ɓoye asalinsa ya shiga gonar nasaba shi ma. Dokar yara ta 2010 ta ba yaro damar neman a sauya masa suna idan akwai wulaƙanci a cikinsa ko ya saɓa wa addini. Ni ban ga wulaƙanci a Tanko ba.

Mai kula da zaure:
'Yan uwa wannan maudu'in babba ne, a buɗe masa nasa zaren. Mu koma kan matsalar baiwar Allah.

Ustaz Tijjani, Bur Sudan:
Na'am. Saura tambayarta ta ƙarshe, ko a jira ya cika 18. A takarda zai cika ranar 1 ga Janairu 2026, daga nan shi zai tsaya wa kansa. Kafin nan sai waliyyinsa, kuma waliyyinsa ba ke ba ce, ba maigidanki ba ne, ɓangaren uba ne, sai in kotu ta naɗa wani wasiyyi. Ni ba na ba da shawarar jira. Na farko, kin ce ba ya so, to in ya zama a hannunsa ba zai je ba. Na biyu, jarabawar shahada, ta kammala sakandare. Yanzu abin da za a gyara rajista ce da fayil ɗin makaranta. In ya zauna jarabawa da wannan sunan, shahada ta fito da shi, ya shiga jami'a da shi, ya yi fasfo da shi, kowace takarda sai an bi ta ofishinta daban. Ki tambayi makaranta yaushe za a cika fom, ki yi lissafi daga nan.

Kuma kada ki manta, gurbin uwa ma za a gyara. Sunan yayarki zai koma wurinsa.

Hajiya Kubura, Makka:
Ƙanwata Allah ya ba ki ladan riƙon maraya. Tunda baffan yana nan wajenmu, ba sai ya taso ba. Zai iya zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Sudan a Jidda ya yi tawkil, ya wakilta wanda ya yarda da shi ko lauyanku, a aiko muku. Mutane na yi kullum saboda gado da filaye. Amma lauyan ya rubuto masa ainihin abin da za a sa a ciki, kada ya je ya yi na sayar da gona kawai a ce bai haɗa da shari'ar yaro ba.

Kuma ina goyon bayan Ustaz kan gaggawa. A nan sunan da ke kan iƙama, takardar izinin zama, daga fasfo yake zuwa. Wanda ya shigo da suna ya zauna da shi, sannan aka gyara a gida, sai ya sabunta fasfo, ya bi ta jawazat, ofishin shige da fice, ya bi banki, ya bi wurin aiki. Na ga wadda ta sha wannan wahalar a kan harafi ɗaya. Yaro namiji ne, ba ki san inda neman abinci zai kai shi ba.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Ki kira baffan da bakinki kafin takarda ta isa gare shi. Kada ya fara jin labarin daga bakin lauya.

Maman Zahra, Gadarif:
Na karanta duka, wasu sau uku. Maganar gurbin uwa ce ta sa ni kuka. Duk shekarun nan ina ganin maigidana ne ya yi abin, ban taɓa tsayawa na ga cewa ni ma na zauna a kan sunan yayata ba. Ita da ta ce min in riƙe mata shi, ba ta ce in maye ta ba.

Zan karanta wa maigidana abin da Malam ya rubuta yau da dare. Ku sa mu a addu'a.

Malam Sani, Sinnar:
Allah ya sauƙaƙe. In ya amince, shi ya kamata ya yi wa yaron magana, ba ke ba. Yaron yana ƙi ne don kada ya ɓata masa rai. Kuma a gaya masa babu mai hana shi ce masa Baba. Sahabi Miƙdad ɗan Amru ne, amma har yau an fi sanin sa da ɗan Aswad, wanda ya riƙe shi, ba tare da an jahilci ubansa ba.

Maman Zahra, Gadarif:
Salam jama'a, na dawo bayan kwana 19. Maigidana ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba. Da asuba bayan sun dawo masallaci na ji su a zaure su biyu, sun fi awa. Ban san abin da suka faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Da suka shigo yaron ya ce min, Inna ina takardar auren su Umma take?

Ƙasimar tana cikin akwatin yayata da na ajiye, ban taɓa buɗe jakar da take ciki ba sai ranar. Baffansa na kira shi kamar yadda Hajiya ta ce. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce a ba shi maigidana. Godiya ya yi masa. Ya ce zai sauka Jidda a makon nan.

Mun ga lauya. Ya ce maigidana zai yi bayani da bakinsa a gaban alƙali, amma ba zai zama cikin shaidu ba tunda maganar ta shafe shi. Shaida ɗaya mun samu, maƙwabcin marigayin ne, yana nan Gadarif tun da suka baro jihar Sinnar a 2024. Saura ɗaya. Limamin da ya raɗa sunan ya rasu, wanzamin da ya yi askin kuma an ce yana wajen Hawata ko Kasala, ba mu da tabbas.

Abu Hafsa, Kasala:
Yaya turo min sunansa da unguwarsu ta saƙon sirri, kada ki sa a nan. Akwai mutanen Mai Wurno da yawa a masallacinmu, zan tambaya bayan sallar Juma'a.

Ɗan Damazin:
In Hawata ce ni ma a turo min. Kawuna yana da shago a kasuwar, gobe zan kira shi.